Masu son mastar da dakta a tarihi da adabi: kurakuran da na gaji da gani

Duk hutun damina sai an yi mini sallama a ƙofar gida. Yaro ya gama lisans, ga kwalinsa cikin leda, yana son mastar a tarihi ko harshe, kuma kafin ya zauna kan tabarma tambayarsa ita ce: "Yaya, ina ake samun burs?" Na amsa ta har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Mu ƴan Maraɗi dama da tafiya muke farawa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ƙarfinta a noma, kimiyya da lafiya yake, don haka mai son adabi ko tarihi sai ya nufi Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ko ta Damagaram, ko ya tsallaka Ɗan Isa zuwa Katsina, Kano, Zariya ko Sakkwato. Wanda bai lissafa wannan tafiya ba tun farko, ya fara da bashi.

Babban kuskurena shi ne jira. Shekara biyu cur na zauna ina tsammanin wani tallafin ƙasar waje, na ƙi yin rajista a gida don kada a ce na karaya. Tsammanin warabbuka ke nan, malam ya ƙi noma don zakka. Kullum ina shagon intanet ina duba saƙo, abokaina da suka shiga mastar da kuɗin aljihunsu har suka kare kundinsu ina nan ina cewa "wata mai zuwa". Amsar da ta zo layi biyu ce, ta ban haƙuri. Kuma ku duba waɗanda suka ɗora duk burinsu kan Faransa: a Janairun 2024 aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai, lissafinsu ya watse. Abin da nake yi wa ƙannena yanzu shi ne in sa su yi rajista tukuna, sannan su nemi tallafi suna cikin karatu: su kai takardunsu ANAB, hukumar burs ta Nijar, su riƙa leƙa sanarwar CODESRIA, ƙungiyar binciken zamantakewar Afirka da ke Dakar, da DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus. Mai ba da kuɗi ya fi sauraren wanda ya riga ya rubuta babi guda a kan wanda ke da buri kawai.

Kuma kuɗin rajista ba shi ne ke kashe mutum a fanninmu ba. Ba mu da ɗakin gwaji, ƙafa ce jarinmu. Yamai ta haura kilomita 600 daga nan, kuma wanda ke aikin tarihi ba makawa sai ya zauna a gidan adana takardun ƙasa, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdu Mumuni, ko cibiyar CELHTO inda aka tara tarihin baka. Wani ma sai ya dangana da Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna. Ga kuɗin mota, ga kabu-kabu, ga goron dattawa, ga buga kundi kwafi-kwafi don malaman da za su zauna a kansa. Ni koyarwa na kama a wata lakwal mai zaman kanta, na shiga adashi, duk kwasa ta tafi ga tafiya ɗaya. Ba na cewa dole kowa ya yi haka, amma ka ɗauki kaye ka rubuta kowace jikka kafin ka ce wa malami ka yarda da batu.

Na biyu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina bincike kan ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi Maraɗi daga kwari aka hau tudu. Na sami wani tsoho da ya ga abin yana yaro. Kwana uku ina zuwa bayan la'asar, yana zaune kan buzu da butarsa a gefe, yana lissafa mini gidajen da ruwa ya ci da sunan masu su. Duk na naɗa a waya, ban rubuta ko harafi ba, wai sai na koma Yamai. A tasha wayar ta salwanta. Kafin in tara kuɗin dawowa, Allah ya yi masa rasuwa. Wa zan kama? Sakacina ne. Don haka in na ga ɗalibi yana yawo da hirar wata uku cikin waya guda, ba na yi masa magana mai daɗi. Kai ɗan'uwa, a daren da ka yi hira, a daren za ka juye ta wuri uku, ka zauna ka rubuta ta da hannu, da sunan mai magana, da gari, da kwanan wata, da izinin da ya ba ka. Barci ya jira.

Sauran ƙanana ne. Kada ka bi malami don sunansa ya yi tambari. Tambayi ɗalibansa wata nawa babi yake kwana a hannunsa, kuma in dakta ce ka tabbatar matsayinsa a CAMES, hukumar da ke tantance matsayin malaman jami'a, ya kai ya jagorance ka. Mai nufin Kano ko Zariya ya gyara Ingilishinsa tun yana gida, don da shi za a yi masa yawancin darasi. Takardar neman tallafi guda ba a aika ta wa kowa da kowa, ana ganewa. Kwafin kwalaye a buga musu hatimi tun kafin a buɗe karɓa, ba ranar rufewa ba. Kwashe rubutun wani daga intanet kuwa, ban ma san me zan ce ba.

Sai rubutun Hausa kansa. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya 'y. Na taɓa ganin kundi da ya gauraya su biyun a shafi ɗaya, malamin ya zagaye su da jan bik tun daga godiya har shafin ƙarshe, ya mayar wa mai shi ba tare da ya ce uffan ba.