Yadda za ka gyara wurin karɓar umarni a sikirif ɗinka na Python

Ɗalibai da yawa masu koyon Python nan Birnin Kebbi da Aliero da sys.argv, wato jerin kalmomin da mutum ya buga wajen kiran sikirif, suke fara karɓar umarni, kuma ba laifi ba ne. A ce kana da lissafi.py da ke lissafa kuɗin buhunan shinkafa, ka buga python lissafi.py 40 Jega, cikin kod ɗin sys.argv[1] shi ne yawan buhu, sys.argv[2] kasuwa. Lafiya lau yake tafiya har ranar da wani ya sa Jega gaba 40 baya, sai ValueError, ko ya mance ɗaya gaba ɗaya, sai IndexError. Daga nan an shiga ƙara if len(sys.argv) > 3 da elif bisa elif, kan ka ankara rabin fayil ɗin ya zama na tantance abin da mutum ya buga, lissafin shinkafar kuma ya ɓace a tsakiya.

Kafin ka taɓa komai, rubuta duk hanyoyin da ake kiran sikirif ɗin yanzu da abin da kowace ke fiddawa. Da su za ka gwada in ka gama.

Sai ka kawo argparse, laburaren da ke karantawa da tantance abin da mutum ya buga. Yana cikin Python tun 2.7 da 3.2, ba sai ka ƙona data wajen sauke komai ba. Ka ware mashi fankshan nashi shi kaɗai:

def gina_parser():
    p = argparse.ArgumentParser(description="Lissafin shinkafa")
    p.add_argument("--buhu", type=int, required=True)
    p.add_argument("--kasuwa", choices=["Jega", "Argungu", "Yauri"], default="Jega")
    p.add_argument("--bashi", action="store_true")
    return p

Duba nawa wanga ɗan guntun ya ɗauke maka. type=int ya maye gurbin try da except ɗin da ka rubuta da hannu, choices na korar duk kasuwar da ba ta cikin jerin, in mutum ya buga shirme argparse da kanshi zai faɗa mashi inda ya kuskure ya fita da lamba 2, sannan -h mai nuna bayanin yadda ake amfani da sikirif ɗin kyauta ka same shi, ba ka rubuta layi ko ɗaya ba.

Don Allah kar ka sa type=bool. Mutane da yawa na faɗawa nan. A Python duk rubutun da ba fanko ba True ne, to ko mutum ya buga --bashi False, True za ka samu, ka je ka rubuta ma mutum bashin da bai ci ba. action="store_true" shi ne daidai. Kuma in sunan na da ɗan layi a tsakiya kamar --kudin-mota, cikin kod args.kudin_mota zai koma.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne main. Rubuta def main(argv=None), ciki ka ce args = gina_parser().parse_args(argv). In argv None ne zai ɗauko daga sys.argv yadda anka saba, in kuma gwaji kake sai ka kira main(["--buhu", "40"]) kai tsaye ba sai ka buɗe taminal ba. Fankshan ɗin da ke lissafin kuwa ka miƙa mashi buhu da kasuwa kawai, kar ka tura mashi args ɗungurungum, don kar gobe ka rasa wa ke amfani da me.

In sikirif ɗin na aiki fiye da ɗaya, misali saye da sayarwa da rahoto, add_subparsers ne maganin dogon elif ɗin nan. Kowane aiki da ƙaramin parser nashi, ka liƙa mashi fankshan da set_defaults(func=saye), ƙarshe args.func(args) kawai, shi kuma fankshan ɗin ya zaro abin da ake buƙata daga args ya miƙa ma mai lissafin. Ka sa dest="aiki" da required=True wajen add_subparsers, in ba haka ba wanda bai zaɓi komai ba AttributeError zai gani.

Maganar sauri kuma, gaskiya ni ban ga amfanin wahalar da kai wajen sa parser ya yi gudu ba, kalmomi biyar ko shida yake karantawa. In sikirif ɗinka na jan ƙafa kafin ya nuna ko da -h, je ka duba saman fayil, galibi import pandas ne ko wani babban laburare ke lodi tun ba a buƙace shi ba, a tsohuwar laftof kuwa jiran ba kaɗan ba ne. Buga python -X importtime lissafi.py -h, tun 3.7 akwai shi, zai jero maka lokacin da kowane import ya ci. Mai nauyin ka mai da shi cikin fankshan ɗin da ke buƙatarshi, kamar na rahoto.

Sai ka koma ga jerin da ka rubuta tun farko ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In akwai wani fayil ɗin .bat ko cron, masu kiran sikirif a madadinka, da ke kiran tsohon salon 40 Jega, cire -- ɗin ka rubuta add_argument("buhu", type=int), amma ka goge required=True a nan don argparse ba ya karɓarshi ga irin wanga, kasuwa ita ma ka cire mata -- ɗin ka ƙara mata nargs="?" in kana son Jega ta ci gaba da zama wadda ake ɗauka in ba a buga kasuwa ba.