Yadda ake ƙwato albashi da kuɗin obataim a Legas

Duk ɗan'uwan da ya zo mini da kukan an cinye masa kuɗin aiki, tambayar da nake fara yi masa ita ce: awa nawa kuka yi da oga za ka riƙa yi a rana, kuma ina aka rubuta? Ni ba lauya ba ne. Sakataren wata 'yar ƙungiyar masu gadi da leburori ne a Agege, kafin nan kuma na riƙe rajistar shiga da fitar ma'aikata a wani wurin gini a Lekki. A nan na ga yadda kuɗin mutane ke narkewa, kuma galibi ba don doka ba ta tare da su ba ne. Ranar da aka ce su kawo hujja ce sai a tarar ba su da komai a hannu sai rantsuwa.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka doka ta yanke awa takwas, ta kuma ce a biya ninki ɗaya da rabi kan abin da ya haura. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta faɗi haka ba. Abin da sashe na 13 ya ce shi ne, lokacin aiki na yau da kullum shi ne wanda kuka amince a kai da mai aikin, ko wanda ƙungiyar ƙwadago ta cimma da kamfani, ko wanda hukumar tsara albashi ta yanke. Duk abin da ya ɗoru a kan wannan, shi ne obataim. Farashinsa kuwa dokar ba ta yanke ba, ta bar wa yarjejeniyarku. To ka ga in tun ranar farko ka yarda da shida na safe zuwa shida na yamma a kan albashi kaza, awa goma sha biyun nan ita ce aikinka, ba ka bin kowa sisi a kanta. In kuwa takwas aka ce sannan aka riƙa tsare ka har sha biyu, kana bin awa huɗu kullum.

Wannan sashen dai ya ba ka hutun da bai gaza awa ɗaya ba in aikinka ya kai awa shida a rana, da kwana ɗaya cur, awa 24 a jere, cikin kowane kwana bakwai. In aka hana ka ranar hutun, dole a rama maka cikin kwana 14 ko a biya ka da farashin obataim. Masu gadin da ba su san Lahadi ba, ba su san Juma'a ba, wannan tasu ce.

Saboda haka aikin farko shi ne takarda. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ka bayanin sharuɗɗan aikinka a rubuce kafin wata uku ya cika: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da wa'adin sallama. Na san ogogi da yawa za su ce maka "a nan ba ma yin haka". Kada ka yi musu. Koma gefe ka tura masa saƙon WhatsApp, ko da Turancin buroka ne, ka ce: Oga, don kada in manta, albashina kaza ne a wata, aiki daga ƙarfe kaza zuwa kaza, hutu ranar kaza, haka ne ko? In ya amsa da "ok" kaɗai, ka samu abin riƙewa. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da saƙon waya a matsayin hujja, lauya ya san yadda zai gabatar da shi. Ka dai kula da wayar, ka kuma tura hoton saƙon ga wani ɗan'uwa, don waya a Legas ba ta da tabbas.

Na biyu, sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare. Kowace rana layi ɗaya: kwanan wata, lokacin da ka kama aiki, lokacin da ka tashi, da sunan wanda ya ce ka tsaya. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin a ranar ka rubuta ba bayan rigima ta tashi ba. Sunan wanda ya sa ka ɗin nan yana da muhimmanci, domin abin da kamfani ke fara cewa shi ne ba wanda ya sa shi, don kansa ya zauna. In akwai rajistar da kuke sa hannu a bakin ƙofa, ko jadawalin aiki da ake liƙawa a allo, ɗauki hotonsa ƙarshen kowane mako. Sashe na 75 ya ɗora wa mai aiki ajiye bayanan albashi na shekara uku, amma ni da na riƙe irin littafin nan zan gaya maka, ranar da aka neme shi ce ranar da ruwan sama ya jiƙa shi. Albashi kuma ka nemi a riƙa turo maka ta banki. Kuɗin hannu ba ya barin sawu, alat kuwa na nuna ranar da aka biya da watan da aka tsallake.

Da ƙaramin littafin nan naka za ka yi lissafi, domin kotu ba ta karɓar "ina bin su kuɗi masu yawa". Sai ka nuna abin da ya ba ka haƙƙin, ka nuna yadda ka kai ga adadin. A ce albashinka naira 78,000 ne, kwana 26 a wata, awa takwas a rana. Rana ɗaya ta kama 3,000, awa ɗaya 375. In ana riƙe ka ƙarin awa huɗu kullum, awa 104 ke nan a wata, kuɗinsu 39,000. Rabin albashinka ke nan kake bari a ƙasa duk wata. In takardarka ta ce farashin obataim ya fi na awar yau da kullum, da shi za ka ninka.

Sai yanke-yanke, wanda ya fi komai ƙona mini rai. Wani dattijo mai gadi ya taɓa miƙo mini takardar albashinsa, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. An cire masa dubu biyar don an same shi yana gyangyaɗi, dubu uku don ya zo ba hula, sannan dubu goma sha biyar kuɗin batirin janareto da ya ɓata a daren da ma ba shi ke aiki ba. Ya ce mini, "Malam, ai dokar kamfani ce." Na ce, "Baba, akwai dokar da ta fi tasu." Sashe na 5 ya hana cire tara daga albashin ma'aikaci. In asara ce ta auku saboda gangancinsa ko sakacinsa, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a taɓa kuɗinsa. Kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Sashe na 15 kuma ya hana a wuce wata guda tsakanin biya da biya, don haka "sai kwastoma ya biya mu" matsalar kamfani ce, ba taka ba.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, sai dai bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin kamasho da na jinga. Naira 85,000 ɗin da Gwamna Sanwo-Olu ya sanar a 2024 na ma'aikatan gwamnatin jiha ne, kada ka je da shi gaban manajan kamfani. In ana cire maka kashi 8 cikin ɗari na fansho, kamfani ma zai ɗora kashi 10, a tura asusunka cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Duba asusun. In babu komai a ciki, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ake kai wa ƙara.

Ka kuma san wa kake bi bashi. Yawancin masu gadin rukunin gidaje na Lekki da Ajah, da mata masu shara a ofisoshin Ikeja, ba masu wurin ne suka ɗauke su ba, kamfanin kwangila ne. Duba sunan da ke kan katin aikinka da wanda ke fitowa a alat, ka nemi adireshin ofishinsu tun ana zaman lafiya. Kamfanonin gadi a hannun Sibil Difens suke karɓar lasisi, kuma ba sa son a kai sunansu can. Wanda maigida ya ɗauka kai tsaye don gadin gidansa ko tuƙa iyalinsa, Dokar Ƙwadago ba ta rungume shi sosai ba, amma alkawarin da aka yi masa bashi ne, ana iya bin sa.

Yanzu yadda ake bi. Fara da baki, cikin ladabi, gaban shaida ɗaya. In bai yi ba, rubuta wasiƙa gajera: sunanka, ranar da ka fara aiki, watannin da kake bi, jimillar kuɗin, da wa'adin kwana bakwai ko goma sha huɗu. Kwafi biyu, a sa hannu a naka. In sun ƙi karɓa, tura ta WhatsApp. In mai aikin namu ne, ɗan kasuwa a Mile 12 ko Alaba Rago, shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawan unguwa sukan kashe maganar a zama ɗaya, a tuna masa hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Manajan kamfani kuwa takarda mai hatimi yake ji.

Nan za ka nufi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Legas, jami'an ƙwadago su gayyaci kamfanin. Akwai kuma cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'a ta jihar, wadda aka fi sani da Citizens' Mediation Centre, kyauta take aiki kuma rigimar albashi na cikin abin da ta saba ji. In sulhu ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi ce ke da hurumin shari'ar aiki tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin lauyoyin kyauta na jihar, wanda aka fi sani da OPD, a Surulere, ko Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya. Gaya wa lauya komai, har bashin da ka karɓa a wurin oga da ranakun da ka yi fashi, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Shari'a na cin lokaci, don haka in kuɗin bai taka kara ya karya ba, ni sulhu nake zaɓa wa mutum, ko ku haɗu ku da yawa da kuke bin bashi ku shiga tare.

Kada ka riƙe babur, makulli ko wani kayan oga da sunan jingina. Nan take maganar albashi za ta koma ta sata, kai ne za ka kwana a caji ofis. 'Yan sanda ma ba masu karɓo bashi ba ne, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana su kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, musamman ranar sallama, domin sau da yawa abin da ke ciki shi ne ka karɓi duk haƙƙinka. Kada kuma fushi ya sa ka ajiye aiki ka hau motar Kano a daren. In za ka tafi, ba da sanarwa a rubuce. Sashe na 11 ya sa wa'adin kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga nan zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai biyar. Su ma in za su sallame ka wannan wa'adin ya hau kansu, ko su biya kuɗinsa, sai dai in babban laifi ne.

In aka sasanta cewa za a biya ka kashi-kashi, a rubuta adadin kowane kashi da ranarsa da lambar asusunka, mai sasancin ya sa hannu. In tafiya gida noma ta kama ka kafin a gama biya, bar kwafi wurin sakataren ƙungiyarku tare da lambar da za a same ka.