Babi na 3: Kama Haɗin Sauti a Jita

Darasi na 1

Ɗora jita a cinyar dama, wuyanta ya kalli hagu. Ƙirga tsirkiyoyin, shida ne. Siririyar nan ta can ƙasa ita ce ta 1. Mai kaurin da ke sama, kusa da haɓarka, ita ce ta 6. Daga ƙasa ake ƙirgawa.

Ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan jita sun raba shi gida-gida. Gida na 1 shi ne na kusa da kan jita, inda ake murɗa tsirkiya.

Darasi na 2: Em

Em haɗin sauti ne, wato sautukan tsirkiyoyi da yawa da ake kaɗawa tare. Ana kiransa "i-maina", yatsu biyu kawai yake so. Sa yatsan tsakiya na hagu a tsirkiya ta 5, gida na 2. Sa yatsan zobe a tsirkiya ta 4, shi ma gida na 2.

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka a natsu. Da kan yatsa ake dannawa, dab da bayan ƙarfe. Ba a kan ƙarfen ba, sautin zai mutu. Ba can nesa da shi ba, za ka ji zizar banza. Dab da bayansa. Lanƙwasa yatsan ya tsaya cak, kada cikinsa ya kwanta ya taɓa tsirkiyar maƙwabta.

Kaɗa ɗaya-ɗaya, daga ta 6 zuwa ta 1. Wata ta yi shiru? Duba yatsanka. Kan yatsa, dab da bayan ƙarfe. Ɗaga hannu, sake ɗorawa, sau goma. Madalla, haka ake yi. Zafin da kake ji zai ragu idan kanta ta fito, mai garaya ma da haka ya fara.

Amma Malam, farcen nan fa? Tun babi na 1 na ce a yanke farcen hagu. Mutum ya zo da zaƙo-zaƙon farce, sannan ya ce jita ce ba ta da kyau! A yanke. Kan yatsa, bayan ƙarfe.

Darasi na 3: Am

Manuniya a ta 2, gida na 1. Na tsakiya a ta 4, na zobe a ta 3, duka gida na 2. Kada ka kaɗa ta 6. Yi ta sauyawa tsakaninsa da Em.

Darasi na 4: D

Manuniya a ta 3 gida na 2, na zobe a ta 2 gida na 3, na tsakiya a ta 1 gida na 2. Kaɗa huɗun ƙasa. A gwada a gida.