Yadda za ka yi aiki daga gida ba tare da kai ko oganka wani ya cutu ba

Tun lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe Legas da Abuja da Ogun a ƙarshen Maris, Kano ma ta biyo baya a watan Afrilu, mutane suka gano ashe akwai ayyuka da yawa da ba sai ka sa ƙafa a ofis za ka yi su ba. Sai kuma cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ya zo ya ƙarasa zancen, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, har gwamnatocin Kwara da Edo suka ce ma'aikata su riƙa zuwa ofis kwana uku kawai a sati. Ni yanzu shekarata ta uku kenan ina aikin haɗa rahoto da lissafi daga ɗakina, na sha daɗin abin na kuma sha wuyarsa, shi ya sa nake so duk mai shirin shiga, ma'aikaci ne ko mai kamfani, ya fara gyara wasu abubuwa tukunna.

Abu na farko, kuma wallahi shi ne ya fi komai, ku zauna kai da oga ku yi maganar wuta da data tun kafin a fara. Kar kunya ta hana ka. Idan ka koma gida da aiki, oga ya huta da kuɗin haya ko ya rage girman ofis, ya huta da dizal ɗin janareto, ya huta da kuɗin intanet da na ruwa da mai shara, toh ina wannan nauyin ya tafi? Kanka ya dawo. Kai kana murna ka daina biyan kuɗin adaidaita sahu kullum safe da yamma, ba ka lura ba kuɗin nan ya bi ta ƙofar baya ya tafi wajen mai kati da mai fetur. A watan Afrilu 2024 an ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da aka ce ya fi samun wuta, kuɗin wuta zuwa naira 225 duk yunit, a farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kaga wanda ya yi yarjejeniya da baki tun kafin nan ba a rubuta komai ba shi ne yake ta cikawa daga albashinsa. Ka ɗauki wata guda kana rubuta duk abin da ka kashe kan aikin, data nawa, mai nawa, sai ka kai wa oga takardar ku tsayar da alawus, a rubuta ko da a saƙon imel ne.

Sannan ka tanadi madadin wuta, don NEPA ba a yi alkawari da ita. Duk wanda ke arewa ya tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna aka shafe fiye da sati jihohi da dama suna cikin duhu, a lokacin na ga mutanen kirki masu ƙoƙari sun rasa aiki saboda laftof ta mutu ba inda za a yi caji. Ba sai ka sayi babbar sola ba, ƙaramar inbata da batir ɗaya da fanel ɗaya ko biyu za su riƙe maka laftof da na'urar intanet ta MiFi da fanka, in hakan ma ya yi tsada ka fara da fawa bank mai ƙarfi ka kuma san shagon da za ka ruga in ta ɓaci. Layin waya ma ka riƙe biyu na kamfanoni daban, ka gwada wanne ne ya fi sabis a unguwarku da rana tsaka, ba da asuba ba lokacin da kowa ke barci.

Yanzu sai maganar gida, wadda a ganina ta fi ta wuta wahala a wajenmu. A al'adarmu wanda yake gida ana ɗauka ba shi da abin yi. Hajiya za ta aiko a ce ka kai ta asibiti dubiya, maƙwabci zai yi sallama ya zauna hira a ƙofar gida, ga ɗaurin aure ga suna ga ta'aziyya, kowa na cewa ai wane yana nan, kuma ba za ka iya ce wa babba kana aiki ba tare da ka ji nauyi ba. Abin da ya yi min amfani shi ne na samu Hajiya da kaina na yi mata bayani cikin ladabi, na ce Hajiya daga ƙarfe 9 zuwa azahar ki ɗauka na tafi ofis, bayan la'asar duk aiken da kike da shi ni ne. Da ta fahimta ita da kanta take korar yara daga bakin ƙofata. Ka ware waje ɗaya, ko da kusurwar ɗaki ce da tebur da kujera mai kyau, kar ka yi aiki a kan katifa don bayanka zai gaya maka cikin wata biyu, ka yi wanka ka sa kaya kamar mai fita.

'Yan uwa mata kuwa abin ya zo musu da alheri babba, matar aure da ba ta samun damar fita kullum ko mai jego za ta iya riƙe aikinta da albashinta tana ɗakinta. Amma ina roƙon mazaje dan Allah ku gane cewa zamanta a gida ba ya nufin ta samu hutu, in aka bar mata girki da raino da wanki duka a kan awa takwas na aiki, cikin 'yan watanni za ta gaji ta ajiye ɗaya.

Kai kuma oga, ribarka a fili take, kuɗin ofis ya ragu kuma za ka iya ɗaukar gwani yana Sakkwato ko Maiduguri ko ma Maraɗi ba sai ka nema masa gida a Abuja ba. Inda masu kamfani ke ɓata lamarin shi ne rashin yarda, sai ka ga mutum yana kiran ma'aikaci sau goma a rana yana tambayar kana ina, ko ya turo saƙon WhatsApp ƙarfe 11 na dare yana jiran amsa nan take. Ka auna mutum da aikin da ya kawo. Ranar Litinin ku tsayar da abin da kowa zai gama da ranar da zai miƙa, ku rubuta a waje ɗaya da kowa ke gani ko da Google Sheets ne, mitin kuma ya zama gajere, Zoom na kyauta ma minti 40 yake bayarwa kuma ya isa in an shirya. Ku yarda da lokacin tashi, ku bar gurbin sallah musamman Juma'a.

Akwai hasarar da ba a gani da wuri, ita ce ta sabon ma'aikaci. A ofis yaro yana koyon aiki ne ta kallon manya da jin yadda suke magana da kwastoma, a gida kuwa shi kaɗai ne da allo, in ya maƙale kunya za ta hana shi tambaya. Saboda haka kar ka tura sabon ɗauka gida kai tsaye, ya yi wata biyu ko uku tare da mutane, ko ka haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa kiransa. Bayanan kamfani ma a kula, laftof ɗin aiki kar ta zama ta kallon fim ɗin yara, a sa mata lambar sirri, a riƙa ajiye kwafin fayiloli a intanet don ko an sace ta aiki bai tafi ba.

In za ta yiwu ku fara da kwana biyu a gida uku a ofis na tsawon wata uku, ku riƙa rubuta abin da aka gama da abin da aka kashe, a ƙarshe ku zauna da takardun nan a gabanku ku ga ko za a ƙara ranakun gida ko a rage, wanda kuma ya ce gidansu ya cika hayaniya ya fi son ofis a bar masa teburinsa.