Yadda Ake Haɗa Suwic na Cisco Catalyst 9300 Jeri Guda da Karanta Fitilunsu

Amfanin haɗa suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) jeri guda shi ne su yi aiki kamar na'ura ɗaya: adireshin IP ɗaya, saiti ɗaya. A Catalyst 9300 ana iya haɗa har guda 8, da tsarin StackWise-480.

Tun kafin ka taɓa kebul, tabbatar duka suna kan sigar IOS XE (manhajar da ke tafiyar da suwic) iri ɗaya da lasisi iri ɗaya. Samfurin 9300L ba ya shiga jerin 9300, tsarinsa daban ne.

Mataki na farko, kashe wutar suwic ɗin da za a ƙara. Wannan ba abin sakaci ba ne. Idan ka haɗa biyu suna kunne, kowanne yana ɗaukar kansa shugaban jerin, sai a sake zaɓe, wanda ya faɗi ya sake tashi, duk kwamfutocin da ke jikinsa su yanke.

Na biyu, jona kebul. Kowane suwic yana da ramuka 2 na jeri a bayansa, kebul ɗin kuma tsawonsa santimita 50, mita 1 ko mita 3. Daga rami na 1 na suwic na farko zuwa rami na 2 na mai bi masa, haka har ƙasa, sannan ka ɗauki dogon kebul ka mayar da na ƙarshe kan na farko, su zama zobe. Nan ake yawan ganganci. In zoben bai rufe ba, jerin zai yi aiki, amma da rabin gudunsa, kuma kebul ɗaya ya tsinke jerin ya rabe biyu. Ɗaure kusoshin kan kebul ɗin da yatsa, kada ka matse da ƙarfi.

Na uku, shugabanci. Fifiko daga 1 zuwa 15 ne, kowanne yana zuwa da 1. A wurin rubuta umarni na suwic, rubuta switch 1 priority 15 (1 ɗin lambar suwic ce) ga wanda kake so ya jagoranta, ka ba mataimakinsa 14. In ka bari, wanda ya fi saurin tashi ne zai ci, in sun yi kunnen doki kuma mai adireshin MAC (lambar shaidar na'ura) mafi ƙanƙanta. Kunna su duka cikin daƙiƙa 120 don su shiga zaɓen tare.

Sai fitilu. Fitilar tsarin na'ura in tana ƙyafta kore, tana lodi ne. Kore tsaye lafiya lau. Ruwan ɗorawa kuwa wuta na shiga amma akwai matsala. Fitilar ACTV kore tsaye shugaba ne, mai ƙyaftawa a hankali mataimaki, a kashe kuma mamba ne kawai, ba lalacewa ba. Danna maɓallin Mode har ya kai STACK: lambar ramin gaba da fitilarsa ke ƙyaftawa ita ce lambar wannan suwic a jerin.

Daga nan rubuta show switch. Kowanne ya nuna Ready. Idan ka ga V-Mismatch, sigar manhaja ce ta bambanta. Umarnin software auto-upgrade enable zai sa shugaban ya daidaita sabon mamba. Umarnin show switch stack-ports zai nuna maka ramin da ke Down, ka sake zaunar da kebul ɗinsa.