Yadda ake tsaftace fayilolin gwajin sadarwa na kanel ɗin Linux

Wasu masu fara taɓa kanel, wato zuciyar tsarin Linux, daga babban fayil na tools/testing/selftests/net suke farawa, don suna ganin gyaran gwaji ba shi da haɗari. Na ga da yawa sun share fayil ya yi tsaf, amma ya daina gwada komai, kuma ba su sani ba.

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, gudanar da gwajin yadda ka same shi, ka ajiye sakamakon. Kada ka yi haka a kan kwamfutar da kake aiki da ita, domin gwaje-gwajen nan da ikon root (cikakken iko a kan injin) suke gudana, suna kuma wasa da hanyoyin sadarwa. Ni virtme-ng nake amfani da shi, kyauta ne, kuma yana tayar da kanel ɗin da ka haɗa nan take. Ka haɗa kanel ɗin da zaɓuɓɓukan da ke cikin fayil ɗin config na wurin, in ba haka ba gwaje-gwaje da dama tsallakewa za su yi.

Sai babban aikin. Tsofaffin fayiloli suna ƙirƙirar keɓaɓɓun ɗakunan sadarwa da ip netns add, da suna ƙayyadadde irin ns1 da ns2. Gwaji biyu masu suna ɗaya ba za su gudana tare ba. Maganin shi ne setup_ns na cikin lib.sh, wanda yake liƙa wa sunan haruffan da ba sa maimaituwa, ya ajiye shi a cikin $ns1, ya kuma kunna lo (hanyar da inji ke sadarwa da kansa) ba sai ka yi ba.

A nan na taɓa cin ƙasa. Na sauya komai, sai layi uku a can ƙasa na bar su da ns1 ba tare da alamar $ ba. Gwajin ya wuce lafiya lau, har sau biyar. Ashe wani tsohon ns1 ne ya rage daga gudun da na katse da Ctrl-C tun da safe, yana zaune da adireshinsa, layukan nan suna ta shiga cikinsa. Sai da na sake tayar da injin komai ya rushe. Tun daga ranar, ip netns list nake bugawa kafin gwaji da bayansa, dole in ga babu komai. Ka kuma bi fayil ɗin da grep kana neman tsohon sunan, ido kaɗai ba ya kamawa.

Sa trap a kan EXIT ya kira cleanup_all_ns, wato ya goge ɗakunan duk lokacin da gwajin ya ƙare, ka tabbatar duk manhajar da ka bari tana gudana a bayan fage, irin socat ko tcpdump, an kashe ta. Bayan haka ka ɓata wani abu da gangan, ka cire adireshi ɗaya misali, ka ga ko gwajin zai faɗi. In bai faɗi ba, aikinka bai yi ba.

Duk inda ka ga sleep 2 ana jiran sabar ta tashi, maye shi da wait_local_port_listen ko busywait. Lambar fita kuwa, wato lambar da gwaji ke mayarwa idan ya ƙare, kada ka yi mata sakaci: 0 nasara, 1 faɗuwa, 4 tsallakewa. Rashin wata manhaja a injin 4 ne.

Saura shellcheck da checkpatch.pl, manhajojin da ke duba kurakuran rubutu kafin ka aika faci, wato gyaran da ka yi. Faci ɗaya gyara ɗaya, kada ka cakuɗa gyaran tazara da sauyin aiki. Facin tsaftacewa net-next yake zuwa, reshen sabbin ayyuka, ba net ba, reshen gyaran kurakurai, kuma ana rufe net-next na mako biyu duk lokacin da Linus Torvalds ya saki sabon kanel, sai ka jira a buɗe.