Kurakuran da aka fi yi wajen sayen talabijin mai 4K don manhajar kwaikwayon tuƙi

Koke ɗaya nake ta ji daga bakin masu fara kwaikwayon tuƙin jirgin sama ko na babbar mota a kwamfuta: an sayo ƙatuwar talabijin mai 4K, an haɗa ta, amma tuƙin ya ƙi daɗi. Dalilan kuwa ba sa canzawa, har maimaita su ya ishe ni.

Babban kuskure shi ne a zaɓi talabijin saboda kyan launinta a shago, a manta da jinkiri. Talabijin don kallo aka ƙera ta, saboda haka takan riƙe kowane hoto ta gyara shi kafin ta nuna, kuma a wasu samfura wannan tsaiko yakan haura milisakan 100 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Idan allo yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana cin milisakan 16.7, ke nan matuƙi yana kallon abin da ya wuce da hotuna shida. Mai kallon ƙwallo ba zai lura ba, amma wanda yake sauke jirgi a manhajar X-Plane 12 ko Microsoft Flight Simulator zai ja sanda, ya ga hancin jirgin bai ɗaga ba, ya ƙara ja, sai jirgin ya yi sama fiye da kima, ya danna, ya buga ƙasa. Wannan matsala ta taɓa cin mini kuɗin sabuwar sandar tuƙi, alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. Abin takaici, maganin yana cikin rimot: a kunna Game Mode, wato tsarin wasa na talabijin, jinkirin ya sauko zuwa milisakan 10 ko 20 a yawancin talabijin na zamani. A kuma kashe duk wani tsarin santsin motsi, wato TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus a Samsung. Ni dai ba na biyan kuɗi sai na je shagon da kwamfutar hannu, na haɗa, na motsa linzamin kwamfuta (mouse) na ga yadda yake bin hannuna. Mai shagon da ya hana wannan gwaji ya riƙe kayansa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin lissafi ne da ko ɗan firamare zai yi. Allon 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, kimanin miliyan 8.3, ninki huɗu na allon 1080p. Katin hoto, wato sashen kwamfuta da yake zana abin da allo ke nunawa, idan yana nishi a kan ƙaramin allo, ta yaya zai ɗauki ninki huɗu na wannan aiki? Amma sai ka ga mutum ya juye kuɗinsa kaf a kan talabijin, ya bar tsohon kati, sa'an nan ya zo yana cewa an sayar masa da jabu don hoto yana tsinkewa a kan manyan birane. An sayi sirdi na alfarma, dokin kuwa ba ya iya tashi. A fara da katin, abin da ya rage a nemi allo da shi. Wanda ya riga ya sayi talabijin, ya kunna DLSS ko FSR, wato tsare-tsaren da suke sauƙaƙa wa kati aiki, ya rage gajimare da inuwa a saitin manhajar. A tuƙin jirgin fasinja na fi son hotuna 40 a daƙiƙa da ba sa tangarɗa a kan 60 masu hawa da sauka, ko da yake masu tseren mota ba za su yarda da ni ba, kuma suna da hujja.

Sai batun HDMI, wato kafar da ake haɗa kwamfuta da talabijin ta cikinta, tunda yawancin talabijin ba su da ɗaya kafar, DisplayPort. HDMI 1.4 ba ya wuce sauyi 30 a daƙiƙa a 4K, 2.0 yana kai 60, 2.1 kuma 120. Dole kati da waya da kafar talabijin su dace gaba ɗaya, kuma sau da yawa kafa ɗaya ko biyu ne kawai suke da cikakken ƙarfi. Katunan hoto na kamfanin NVIDIA sun fara zuwa da 2.1 ne daga jerin RTX 30 na 2020. Idan rubutun agogunan jirgi yana dishi-dishi, to talabijin tana matse launi ne. A sanya wa kafar suna PC, a kunna Input Signal Plus a Samsung ko Deep Colour a LG, a tabbatar an samu 4:4:4, wato cikakken launi ba matsewa.

Lambar 240 da ake bugawa a kwali a matsayin saurin sauya hoto galibi ta talla ce, a nemi ainihin saurin allon. A kan tebur inci 43 ko 48 ya isa, domin inci 65 a tazarar kamu biyu ciwon wuya ne kawai. Allon OLED yana da kyau a tuƙin dare, sai dai agogunan da suke tsaye wuri ɗaya na sa'o'i suna iya barin tabo, don haka nake rage haskensa. Idan gefunan hoto sun yanke, a saita girman hoton ya dace da allo daidai. Inda wuta take hawa da sauka kuma, a sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun kafin a shiga kasuwa.